The Low End Theory ko Midnight Marauders: wanne za ka fara saurara?

Ɗan yayata ya shekara biyu yana rubuta baitukan hip-hop da Hausa, yana kaiwa wani ƙaramin situdiyo a unguwarsu. Ran nan bayan la'asar ya same ni a ƙofar gida da waya a hannu. Wai mai haɗa masa kiɗa ne ya ce in yana son sanin tushen abin da yake yi, ya nemi waƙoƙin A Tribe Called Quest. Ya nema, ya tarar kundi shida suka yi, aka ce masa biyu ne manya a ciki. Ya ce, "Kawu, datata ba za ta ɗauki duka ba. Wanne zan fara saukewa?"

Masu son wannan ƙungiya sun fi shekara talatin suna cacar baki a kan tambayar nan, kuma har yau ba a raba gardamar ba. Ni ina da nawa ra'ayin, amma amsar da za ta amfani mutum ta danganta da abin da zai saurara da shi, da kuma abin da ya je nema.

'Yan birnin New York ne a Amurka. Q-Tip da Phife Dawg tare suka taso tun suna yara a yankin Queens, shi kuma Ali Shaheed Muhammad, mai juya faifai, ɗan Brooklyn ne, a makarantar sakandare suka haɗu da Q-Tip. Na huɗunsu, Jarobi, ya janye bayan kundin farko na 1990 ya tafi koyon girki, saboda haka mutum uku ne suka yi kundayen nan biyu. The Low End Theory ya fito ranar 24 ga Satumba, 1991. Midnight Marauders ya biyo baya ranar 9 ga Nuwamba, 1993, rana ɗaya da kundin farko na ƙungiyar hip-hop ta Wu-Tang Clan. Kamfanin Jive ne ya fitar da su duka, kowanne waƙa goma sha huɗu in ka ƙirga da gabatarwar na biyun, kowanne bai fi minti hamsin da ɗan wani abu ba. Hanyar haɗa kiɗan ma iri ɗaya ce: a tsakuro 'yan daƙiƙu daga tsofaffin faya-fayan garmaho, yawanci na jaz, a riƙa maimaita guntun, a ɗora masa ganga, sannan a hau da baiti. To amma abin da suka yi da wannan hanya a karo na biyu ya sha bamban da na farko.

Sunan The Low End Theory kansa ya faɗi abin da ke ciki. Ƙasan sauti ake nufi, wato ƙugin bes, wanda ƙirji ke riga kunne ji. Q-Tip ya cire kusan duk wata kwalliya, ya bar abu uku: ganga, bes, da murya. Waƙar farko, "Excursions", da bes tsagwaronsa take buɗewa, wanda aka tsakuro daga faifan ƙungiyar jaz ta Art Blakey, sai muryar Q-Tip ta hau kai yana ba da labarin yadda mahaifinsa ya ji hip-hop ya ce yana tuna masa da jaz ɗin zamaninsu. Ganga ma sai daga baya take shigowa. Duk wanda ya taɓa zama ya saurari Ɗan Maraya Jos shi da kuntiginsa, babu 'yan amshi, babu makaɗa, ya san irin ƙarfin halin da wannan ke bukata. In ka yi tuntuɓe a baiti, ba abin da zai rufa maka asiri.

A nan ne kuma matsalar farko take, kuma ba laifin kundin ba ne. Yaron nan ya kunna "Excursions" a sifikar wayarsa, ya kara a kunne, ya yi shiru, can ya ɗago ya ce, "Kawu, ai babu komai a ciki." Gaskiya ya faɗa. Ƙaramar sifikar waya ba ta iya fitar da ƙasan sauti, saboda haka abin da ya rage masa murya ce da ɗan ƙas-ƙas ɗin ganga, kamar an ba ka tuwo an hana ka miya. Na ja shi muka shiga motar wani maƙwabcina mai babbar sifika a bayanta, muka rufe gilasai, na sake kunnawa. Kafin Q-Tip ya kai layi na huɗu madubin tsakiya ya fara rawa, wasu 'yan sulalla da ke cikin ramin gaban giya suna ta kaɗawa. Yaron ya dafa ƙirjinsa, ya ce, "A'a, wannan wata waƙar ce daban." Ita ce dai.

Wannan tsaftar sauti akwai hannun injiniyansu Bob Power a ciki, wanda ya zauna yana tace ƙura da ƙarar tsofaffin faya-fayai har bes ya fito fes, bai danne murya ba. A waƙa ta biyar, "Verses from the Abstract", ba su ma tsakuro bes ɗin ba. Ron Carter suka gayyato, dattijon da ya kaɗa wa shahararren mai busa ƙahon jaz Miles Davis bes daga 1963 zuwa 1968, ya zo da babban bes ɗinsa na katako wanda ake kaɗawa a tsaye. Sharaɗin da ya gindaya kafin ya yarda shi ne kada a yi ashar a waƙar. In ka saurara da kyau za ka ji yatsunsa suna yawo a ƙarƙashin baitin, ba ya maimaita abu ɗaya kamar inji. Irin wannan wuri babu shi a Midnight Marauders.

Abu na biyu da ya ɗaga wannan kundi shi ne Phife. A kundinsu na 1990 kusan ɗan rakiya ne, waƙoƙi kaɗan aka ji shi. A shekarar ne aka gano yana da ciwon suga, kuma bayan nan ne ya ɗaura ɗamarar aikin da gaske. Da aka zo waƙa ta biyu, "Buggin' Out", shi ya buɗe, da 'yar siririyar muryarsa mai kaifi, yana yi wa kansa kirari da gajartarsa, kuma tun daga wannan baiti mutane suka daina kallon ƙungiyar a matsayin Q-Tip da yaransa. Muryoyinsu sun dace ne domin ba su yi kama ba. Ta Q-Tip ta hanci ce, a kwance, kamar mai ba ka shawara a zaure. Ta Phife ta majalisar bakin titi ce, ga barkwanci, ga habaici, ga hirar ƙwallo. A "Check the Rhime" suna miƙa wa juna layi, wannan ya yi tambaya wancan ya amsa, suna tuna zamanin da suke yara a titin Linden. Ga mai son koyon yadda mutum biyu ke raba baiti ba tare da sun taka juna ba, ban san wata makaranta da ta fi wannan waƙa ba. A cikinta ne kuma Q-Tip ya gargaɗi matasa cewa mutanen kamfanonin faifai ba abin amincewa ba ne, gargaɗin da ya zama karin magana a bakin mawaƙan Amurka.

Sai rufewa da "Scenario", inda suka gayyato ƙungiyar Leaders of the New School, mutum biyar suka yi layi kowa da baitinsa. Na ƙarshe shi ne Busta Rhymes, yana ɗan shekara 19, ya shigo da gurnani kamar zai tsaga sifika. Baitin nan ne ya fito da shi duniya.

To amma kundin yana da ramuka, kuma masu sonsa ba su cika son a faɗa ba. Waƙa ta takwas, "The Infamous Date Rape", ta fara da niyya mai kyau, tana jan kunnen samari cewa in mace ta ce a'a, to a'a ce. Kafin a kai ƙarshe ta karkace, ta koma raha da jinin al'adar mata da zargin cewa wasu ƙarya suke yi. Maganar fyaɗe ba wurin raha ba ce, kuma duk lokacin da na zo kanta tsallakewa nake yi. "Butter", wadda Phife ya yi shi kaɗai, kiɗanta na da daɗi ƙwarai, baitin farko ma labari ne mai kyau na yadda wata yarinya ta juya shi a ƙarshen sakandare, amma na biyun zambo ne kawai ga mata masu ƙarin gashi da kwalliya, ba wata hikima. "Skypager" waƙa ce a kan ɗan abin karɓar saƙon da ake maƙalawa a ƙugu kafin zuwan wayar hannu, wanda yaron da aka haifa bayan 2000 bai taɓa gani ba, kuma waƙar ba ta da wani abin da zai riƙe shi bayan wannan. Ga kuma "Rap Promoter" da "Show Business", duka kuka ne a kan masu shirya wasa da kamfanonin da ke cinye haƙƙin mawaƙa. Kukan gaskiya ne, duk wanda ya taɓa hawa dandali aka sallame shi da "za mu yi waya" ya san zafinsa, sai dai an maimaita shi har sau uku a kundi ɗaya in ka haɗa da gargaɗin "Check the Rhime". Tsakiyar kundin na da nauyi, kuma da yake launin kiɗan kusan ɗaya ne daga farko har ƙarshe, wanda bai saba ba zai iya jin kamar waƙa ɗaya ce doguwa.

Midnight Marauders gyaran wannan ne. Q-Tip ya kai kayan aikinsa ɗakin ƙasa na gidan kakar Phife, a can aka haɗa yawancin kiɗan, kuma ana jin wannan sakewar ta gida a cikinsa. Bes na nan, amma yanzu an lulluɓe shi da fiyano, da jita, da ƙahonni, ganguna kuma sun ƙara kauri da ƙarfi. In na farkon Ɗan Maraya ne da kuntigi, wannan Shata ne da cikakkiyar tawagarsa, kalangai na amsa wa juna, 'yan amshi na karɓa. Shi ya sa ko a sifikar waya ba ya mutuwa. Bes ɗin zai ɓace, amma karin waƙar na sama, kunne zai kama shi.

Akwai wurare biyu da nake so duk mai haɗa kiɗa ya tsaya a kansu. Na farko "Electric Relaxation", wadda aka gina a kan wani guntu daga faifan Ronnie Foster. Kusan duk kiɗan hip-hop hurhuɗu ake ƙirga shi, in ya yi taku huɗu ya koma farko. Wannan a taku uku yake komawa. Ba za ka lura ba sai ka ƙirga da yatsa, amma jikinka ya riga ya sani, domin kiɗan kullum yana dawowa kafin ka yi tsammani, kamar lilo. Na sa yaron ya ƙirga, ya ɓata sau biyu, a na uku ya kama, ya yi ta murmushi shi kaɗai. Na biyu "Lyrics to Go". Akwai wani siririn sauti mai tsawo da ke ratsa waƙar daga farko zuwa ƙarshe, wanda za ka rantse na'ura ce. Muryar mace ce, Minnie Riperton, a wurin da ta kai ƙololuwar siririyar muryarta a wani faifanta na 1975, aka kamo wannan numfashi ɗaya aka shimfiɗa shi ya zama kayan kiɗa. Wanda ya iya jin wannan a tsohon faifai ya san abin da zai yi da shi, kunnensa ya kai.

Phife ma a nan ya fi nuna. A 1991 yana ƙoƙarin nuna cewa ya iya ne, a 1993 kuwa ya san ya iya, saboda haka ya saki jiki, har yana sako karin harshen Trinidad, ƙasar iyayensa. "8 Million Stories" ita ce waƙarsa shi kaɗai, kuma ta fi "Butter" nesa ba kusa ba. Labarin ranar da komai ya ƙi ne: wata ta damfare shi, ya koma mota ya tarar an fasa an ɗauke rigar da sauran kuɗinsa ke ciki, abu na bin abu, yana ta roƙon Allah ya kawo ɗauki. Babu fankama, babu bindiga, babu motar alfarma, mutum ne kawai da ƙananan masifun da kowa ya sani. A "Oh My God" ya ambaci ciwon sugansa da bakinsa, yana mai da shi kirari. Wannan layi ya ƙara nauyi tun ranar 22 ga Maris, 2016, da ciwon ya yi ajalinsa yana da shekara 45. Shi kuma Q-Tip a "Midnight" ya zana daren birni, masu caca a lungu, ɗan sanda na tare saurayi ba gaira ba dalili, yunwar tsakar dare. A ganina duk kundayen biyu babu inda ya yi rubutun da ya kai wannan.

Abin da ya fi komai a kundin shi ne jeri. Daga "Award Tour", inda Trugoy na ƙungiyar De La Soul ya riƙe amshi yana lissafa birane, har zuwa "Electric Relaxation", ba inda hannunka zai kai ga maɓallin tsallakewa. Sun kuma sa muryar wata mace, Laurel Dann, tana magana kamar na'ura, tana yi wa mai sauraro jagora tsakanin waƙoƙi. Ita ce ke bayyana cewa sunan kundin ya samo asali ne daga yadda aka fi sauraron irin wannan kiɗa da dare.

Nasa raunin fa? Jagorar nan tana da daɗi a ji na farko da na biyu, a na ashirin kuwa ta zama mai katse hira. Waƙar da suka sa wa sunan Steve Biko, ɗan gwagwarmayar Afirka ta Kudu da ya rasu a hannun 'yan sandan mulkin wariyar launin fata a 1977, kusan ba ta ce komai a kansa ba. Sunansa ake kira a amshi, sauran kusan duk kirarin kai ne. Wannan ya daɗe yana damuna, domin ƙungiyar da ke ado da ja da baƙi da kore, take kiran sunan Afirka, ta fi ƙarfin ta ɗauki sunan mutum irin wannan ta yi ado da shi kawai. Sannan kashi na ƙarshe na kundin ya ɗan lafa. "Clap Your Hands" da "Keep It Rollin'" da "The Chase, Part II" duk suna da daɗi, amma in aka ce ka faɗi abin da kowacce ke magana a kai, za ka ce iya waƙa, iya waƙa, iya waƙa. Waƙar rufewa ma, "God Lives Through", ihun Busta Rhymes ɗin da aka riga aka ji a "Oh My God" ta sake ɗaukowa. Kundin ya sauka a hankali, bai rufe da tsawa irin ta "Scenario" ba. Gaba ɗayansa ma babu kasada irin ta 1991. Gini ne mai kyau a kan harsashin da aka riga aka zuba.

Akwai maganar da dole a yi wa mai karatu na gida. Ali Shaheed Musulmi ne tun tasowarsa, Q-Tip kuma ya musulunta a tsakiyar shekarun 1990 ya ɗauki sunan Kamaal, bayan waɗannan kundaye biyu. Kada wannan ya sa ka ɗauka waƙoƙin wa'azi ne. In aka kwatanta da abin da ake fitarwa a Los Angeles a wancan lokaci, masu kunya ne, ba kisa, ba tallar ƙwaya. Amma akwai ashar jefi-jefi a duka biyun, kuma Midnight Marauders ya fi yawa. "Electric Relaxation" da na yaba wa kiɗanta zancen neman mata ce, da wasu layuka na batsa ƙarara, ba wadda za ka kunna a mota kana ɗauke da iyaye ba ce. Waƙa ta biyar ta wannan kundin kuma gaba ɗayanta a kan kalmar nan ce ta cin mutuncin baƙar fata, wadda Q-Tip ke tattauna yadda matasansu suka mai da ita kalmar kiran juna, yana kuma furta ta ba adadi. Tattaunawar mai ma'ana ce ga Ba'amurke, amma na sha jin yaranmu suna kwaikwayon kalmar ba su san jinin da ke bayanta ba. Bangon kundayen ma hoton surar mace ce da aka zana da ratsin ja da kore, wanda ya kamata ka sani kafin ya bayyana a fuskar wayarka a cikin mutane.

Ga wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba, abin ya rabu biyu. A The Low End Theory an fi jin kalmomi ɗaya bayan ɗaya, domin babu abin da ya rufe su, saboda haka ya fi sauƙin bi da rubutu a hannu. Midnight Marauders kuwa ko ba ka tsinci kalma ɗaya ba, kiɗan zai riƙe ka.

Kasuwa da masana ma sun rabu kamar haka. The Low End Theory bai wuce lamba 45 a jadawalin Billboard na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka ba, Midnight Marauders kuwa a lamba 8 ya shiga. Dukansu a 1995 aka tabbatar sun sayar da kwafi miliyan ɗaya a Amurka, wato na biyun ya yi a shekara ɗaya da 'yan watanni abin da na farkon ya ɗauki fiye da shekara uku. Amma da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya tashi zaɓen faya-fayan da za a adana don tarihi a 2022, The Low End Theory ya ɗauka.

Saboda haka in kai mai sauraro ne kawai, kana son abin da za ka kunna da dare bayan an ɗauke wuta, ko a doguwar tafiya, kuma yawanci da sifikar waya ko ƙaramin iyafis kake ji, ɗauki Midnight Marauders. Ba za ka tsallake komai ba, kuma zai shiga ranka tun daren farko. Wanda bai taɓa jin hip-hop ɗin wancan zamani ba ma, ta nan ya kamata ya shiga. In kuwa rubutu kake yi ko haɗa kiɗa, kuma kana da hedifon mai kyau ko sifikar da ke iya ƙugi, The Low End Theory ne naka, da ramukansa duka. A cikinsa ne za ka ga ƙashin waƙa tsirara, inda aka ajiye ganga, inda aka bar fili, inda murya ke numfashi. Abin da na fi ji a waƙoƙin yaranmu na yanzu shi ne cunkoso, an tara sauti goma a wurin da biyu suka isa, an shafe murya da na'ura har ba a gane ƙafiyar baitin. Kundin 1991 maganin wannan ciwo ne.

Ni a raina The Low End Theory ya fi girma, Midnight Marauders kuma shi na fi kunnawa. Ɗan yayata na ce masa ya sauke na 1991, ya tsallake waƙa ta takwas, kuma kada ya sake ya ji shi a waya, ya kai situdiyo su saurara shi da mai haɗa masa kiɗa a manyan sifikun can. Bayan kwana huɗu ya turo mini sabuwar waƙarsa. Ganga ce da bes da muryarsa, sai wani ɗan guntun gurmi da ya naɗo a wayarsa wajen wani biki, yana shigowa a amshi kawai. A ƙasan saƙon ya rubuta, "Kawu, a taimaka da data, saura ɗayan."